A Duba Tukunyar Gas Kafin Hunturu

A Faransa doka ce a duba injin gas mai ɗumama gida sau ɗaya a shekara. A Magariya da Dungas ba mu da irinsa, amma tukunyar gas ta shiga gidaje da dama tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, kuma tukunyar ma tana bukatar wannan kulawa.

Tiyon roba ne kan fara lalacewa, don zafi da iskar hunturu suna busar da shi har ya tsage. A shafa ruwan sabulu a jikinsa da wurin haɗi. In kumfa ya riƙa tasowa, gas na yoyo, a sake tiyon. Kada a kuskura a gwada da ashana. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya a ɗaki.

Wutar kirki shuɗiya ce. In ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, ƙura ta toshe kan murhun, kuma irin wannan wuta tana fitar da guba marar wari.

Uwar gida, komai sanyi, kada ki kunna gas ƙofa da taga a rufe.