Sa'ad da Harshe Ya Yi Nauyi

Karatu: Markus 7:31-37

Yau za mu yi magana a kan waɗanda suka gama jiyyar ciwon daji na baki, ko harshe, ko maƙogwaro. Sau da yawa mukan yi godiya ranar da aka sallamo su daga asibiti, sa'an nan mu manta da su, alhali wahalar baki tana nan tukuna.

Ga dalili. Gashin da likitoci ke yi da na'ura yakan ɗauki mako 6 ko 7, kwana 5 a kowane mako. Yana kashe ciwon, amma yakan ƙona fatar baki da wuraren da yawu ke fitowa. Mikin baki yakan warke cikin 'yan makonni. Ɗanɗano yakan komo a hankali cikin watanni. Yawu ne ya fi jinkiri: wani sai shekara ɗaya ko biyu, wani kuwa ba ya komowa kamar dā. In babu yawu, harshe yakan manne, haɗiya ta yi wuya, haƙora kuma su ruɓe da sauri.

Saboda haka majiyyaci ya riƙa kurɓar ruwa a kai a kai. Ya kuskure baki da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya cikin lita ɗaya. A ba shi kunu, da fate, da tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, ba yaji, ba zafi. Ya rabu da taba da giya. Ya goge haƙora da buroshi mai laushi. Kada a cire masa haƙori ba da sanin likitansa ba, gama ƙashin da aka gasa ba ya saurin warkewa. Muƙamuƙi kuma yakan sandare, don haka kowace rana ya riƙa buɗe baki yana rufewa yadda aka koya masa. In ya ga fari-fari a kan harshe, ko yana ƙwarewa wajen haɗiya, ya koma asibiti.

To, mu fa? A cikin karatunmu an kawo wa Yesu kurma mai nauyin baki. Ubangiji ya ja shi gefe daga taro, ya taɓa harshensa, ya yi ajiyar zuciya. Bai kunyata shi a gaban jama'a ba. Mu ma mu yi haka. In ɗan'uwa yana magana, kada mu ƙarasa masa. Kada mu share sunansa daga ƙungiyar mawaƙa. Ranar Jibin Ubangiji dattawa su tuna gurasa tana yi masa wuyar haɗiya, su ba shi ɗan ƙanƙani, da ruwa kusa.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, da muryarku ta shaƙe, ku tuna da Hannatu cikin 1 Sama'ila 1. Leɓunanta kaɗai ke motsi, har Eli firist ya zaci ta bugu, amma Allah ya ji ta.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka taɓa harshen bayinka, ka ba likitoci hikima, ka ba mu haƙurin saurare. Cikin sunan Yesu. Amin.