Ciwon Gaɓɓai a Adar: Ƙwayar Bakin Tasha Ba Ta Gyara Gwiwa

Da hunturu ya sauka a Tawa, sai kukan gwiwa da ƙugu ya yawaita, a ɗora wa sanyi laifi. Sanyi kan tayar da ciwon, amma ba shi ya kawo shi ba.

Abin da ya fi damun dattawanmu shi ne zaizayewar guringuntsi, abin nan mai santsi da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan a shekarar 2019, kuma gwiwa ya fi kamawa. Adar kuwa ƙasar duwatsu ce. Matar da ta tsufa tana daka da jan guga, ko ta yi jidar duwatsu a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka soma a 1984, da mai lambun albasa da ke wuni a tsugune, duk gwiwarsu ta ga aiki.

Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, duk mai cewa yana da maganin da zai tsiro da shi kuɗinka yake so. Amma ana samun sauƙi sosai. A riƙa tafiya kaɗan-kaɗan kullum, a zauna a kujera a miƙe ƙafa a sauke don cinya ta yi ƙarfi ta tallafi gwiwa. Mai jiki ya rage nauyi. A gasa da ruwan ɗumi, a riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ba na ƙafar mai ciwo ba. Kwanciya ce ke ƙara sandarar da gaɓa. Wanda sujada ta gagara kuwa, addini ya yarda ya yi salla a zaune.

Inda ake ɓarna shi ne wajen masu tallan ƙwayoyi. Diclofenac da ibuprofen suna kashe zafi, amma shan su wata da watanni yana jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini. Dexamethasone na kumbura fuska, ya raunana ƙashi. Tramol kuwa kowa ya ga yadda yake kama mutum. Mafi muni, suna rufe cutar da ke da magani na daban.

Akwai amosanin da garkuwar jiki ce ke far wa gaɓɓai: yatsun hannu biyu su kumbura, su sandare da safe fiye da awa guda, kuma ya fi kama mata. Idan likita ya soma ba da methotrexate da wuri, yana bin jini da awo, yatsun kan tsira daga lanƙwashewa. Wajen Abalak da Cintabaradan, inda ake shan ɗanyar madara, ciwon gaɓɓai mai haɗe da zazzaɓin da ke zuwa ya tafi yana iya zama cutar da ake ɗauka daga dabbobi. Maganinta na kashe ƙwayoyin cuta ne, har mako 6 ko fiye, rigakafinta kuwa tafasa madara.

Gaɓa guda da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ba ta wanzami ba ce, kada a yi mata tsaga ko ƙaho. Mai yiwuwa mugunya ce a ciki, kuma cikin ƴan kwanaki tana iya cinye gaɓar. Haka yaron da ya yi ciwon maƙogwaro, bayan mako 2 ko 3 ciwo ya riƙa yawo daga gwiwa zuwa idon sawu: zuciyarsa ake jiye wa. A kai su likita mafi kusa a ranar, in ta kama a wuce da su babban asibitin jihar Tawa.