Kyamarar Tsaro a Cikin Birnin Kano: Daidaita Yawan Hoto da Nauyin Data

Bidiyon da kyamarar tsaro ke nunawa jerin hotuna ne masu bin juna da sauri. Kyamara mai aiki da intanet takan ɗauke su, ta matse su, ta tura ta waya zuwa na'urar ajiya ko wayar maigida. Abu biyu ke yanke ingancin aikin: yawan hotunan da ake ɗauka a daƙiƙa guda, da yawan datar da hanya ke iya ɗauka. Hanyar data kamar lungun cikin gari take. Idan kaya suka fi faɗinta, sai tafiya ta tsaya, hoto ya riƙa sanƙarewa.

Fim na tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, talabijin a Najeriya da 25, kuma kyamarori da yawa a kan 25 ko 30 suke zuwa daga kamfani. Ba kowane wuri ke buƙatar haka ba. A titin Ƙofar Nasarawa, Adaidaita Sahu mai gudun kilomita 36 a awa yana cin mita goma a daƙiƙa. Idan hoto biyar ake ɗauka, tsakanin hoto da hoto ya yi mita biyu, lambarsa na iya wucewa ba a kama ba. A lungunan Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, tafiyar ƙafa ta fi yawa, hoto goma zuwa 15 kan wadatar. Teburin da ake ƙirga kuɗi shi ya cancanci 25, domin hannu ya fi ƙafa sauri. Sito da ke kulle da dare kuwa, biyar sun ishe shi.

Lissafin ajiya a fili yake. Kyamarar da ke tura megabit huɗu a daƙiƙa tana cinye kusan gigabait 43 a kwana, wajen terabait 1.3 a wata. Mai kyamara takwas zai ga faifansa ya cika da wuri, sabon ɗauka ya goge tsoho tun kafin a gano an yi ɓarna.

Matse hoto ke rage wannan nauyi. Tsarin H.264, wanda ya fito a 2003, yakan aika cikakken hoto jefi-jefi, a tsakani kuma abin da ya canza kaɗai yake turawa. H.265 na 2013 yana iya rage nauyin zuwa kusan rabi. Tura abin da ya canza kaɗai ne ya sa cunkoson ranar kasuwa ya fi lungu shiru cin data, kuma rage yawan hoto da rabi ba ya rage data da rabi cif. Da dare, ƙarancin haske na sa hoto ya yi tsaki-tsaki, na'ura ta ɗauke shi a matsayin motsi, data ta ƙaru. Ƙwan lantarki mai haske a bakin ƙofa na rage matsalar, yana kuma ba kyamara damar buɗe ido da rufewa da sauri, fuskar mai gudu ta fito sarai. Lokacin hunturu, ƙura kan lulluɓe gilashi, sai an riƙa gogewa.

Kallo daga nesa yana da nasa tsari. Yawancin kyamarori na fitar da bidiyo iri biyu: mai nauyi don ajiya, mara nauyi don waya. Na biyun, a rabin megabit a daƙiƙa, bai wuce megabait 230 a awa ba. Wayar sadarwa ta tagulla da ke haɗa kyamara da na'urar ajiya kuma iyakarta mita 100. A unguwa mai lanƙwashe-lanƙwashe irin Jakara, idan tsawon wayar zai wuce haka, dole a sa na'urar haɗi a tsakani. Ita da na'urar ajiya duk suna buƙatar batir ko sola, domin ɗaukewar wuta na yanke ɗauka baki ɗaya.

Saboda haka, kowace kyamara ana saita ta ne gwargwadon abin da ke wucewa gabanta, da kwanakin da ake son ɗaukar ta zauna a ajiye.