Gani Ya Kori Ji: Zaɓen Kayan Kwamfuta Don Duba Fim A Akwatin Talabijin

Gabatarwa

A shekarar 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da fim ɗin Turmin Danya, aikin tace hoto, wato yankawa da jera sassan fim har su zama labari guda, da na'urorin kaset ake yin sa, mai aikin kuwa yana kallon sakamakon kai tsaye a akwatin talabijin. Daga bisani kwamfuta ta karɓe wannan aiki, ta sauƙaƙa shi ƙwarai, amma ta zo da matsalarta. Sau da yawa mai tace hoto kan gama aikinsa, ya gan shi tas a fuskar kwamfuta, sai an sa shi a talabijin a tarar fuskokin 'yan wasa sun nutse cikin duhu, ko rubutun fassara ya gutsure a ƙasa, ko hoton yana rawa. Wani lokaci gidan talabijin kan mayar da aikin a sake, ga asarar kuɗi ga ta lokaci. Maganin wannan shi ne a riƙa duba fim a talabijin tun ana cikin tace shi.

Me Ya Sa Fuskokin Biyu Suka Sha Bamban?

Dalili na farko shi ne ma'aunin haske. Kwamfuta tana raba haske mataki 256, daga 0 wanda shi ne baƙi ƙirin zuwa 255 wanda shi ne fari fat. A ƙa'idar bidiyo kuwa baƙi yana kan 16 ne, fari kuma kan 235. Idan na'urorin biyu ba su fahimci juna ba, ko dai baƙi ya koɗe ya koma toka-toka, ko kuwa duk abin da ke cikin inuwa ya haɗiye. Wannan babban al'amari ne ga mai fim ɗin da 'yan wasansa baƙar fata ne, musamman a fitowar dare.

Na biyu shi ne saurin hoto. Tsarin PAL da Nijeriya ta gada yana nuna hoto 25 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kowane hoto ana aiko shi ne rabi-rabi, layukan mara da farko ko daga baya, wato rabi 50 ke nan. Yawancin fuskokin kwamfuta kuwa sau 60 suke sabunta hoto a daƙiƙa. Tun da 25 ba ta raba 60 daidai ba, motsin kyamara kan yi tsalle-tsalle a kwamfuta ko da fim ɗin lafiyarsa lau. Haka nan idan aka juya jerin rabin hotunan nan, kwamfuta na iya ɓoye kuskuren, sai talabijin ta tona shi.

Na uku shi ne gefen hoto. Tsofaffin akwatunan talabijin masu ƙeya suna yanke ɗan wani abu daga kowane gefe, wasu na zamani ma suna yin haka in ba a hana su ba. Saboda haka ne masana suka ware fili a tsakiyar hoto wanda rubutu bai kamata ya ƙetare shi ba.

Hanyoyin Haɗawa

A ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, masu aiki da kaset ɗin DV kan fitar da hoto ta wayar FireWire zuwa kyamara, kyamarar kuma ta miƙa wa talabijin. Wannan hanya ta shuɗe. Yanzu hanyoyi biyu ne a gaban mai saye.

Ta farko ita ce a ja wayar HDMI daga katin hoto na kwamfuta zuwa talabijin. Ba ta buƙatar sayen kome sai waya, kuma manhajar Premiere Pro tana iya cika fuskar talabijin da fim ta wannan hanya. Illarta ita ce hoton sai ya bi ta hannun Windows ko macOS, waɗanda kan taɓa launi da saurin hoto yadda suka ga dama. Wanda ya zaɓi wannan hanya sai ya saita fitar hoton a kan 50 maimakon 60, ya kuma tabbatar ma'aunin haske na katin ya dace da na talabijin.

Ta biyu ita ce a sayi kati na musamman wanda ba shi da wani aiki sai fitar da bidiyo. Kamfanin Blackmagic Design na ƙasar Ostareliya yana ƙera DeckLink Mini Monitor, wanda ake sakawa a gurbin PCIe na babbar kwamfuta, da kuma UltraStudio Monitor 3G, ɗan akwati da ake haɗawa ta Thunderbolt, wanda ya dace da kwamfutar hannu. Kamfanin AJA na Amurka ma yana da irinsu, kamar T-TAP. Irin wannan kati yana karɓar hoto daga manhajar tacewa ya miƙa wa talabijin yadda yake, da saurinsa da launinsa. Amma mai karatu ya lura: ba ya nuna sauran abubuwan kwamfuta, fim ɗin kaɗai yake fitarwa.

Abubuwan Lura Kafin Saye

Da farko a tambayi manhaja. DaVinci Resolve da katunan Blackmagic kaɗai take aiki, Premiere Pro kuwa tana karɓar na kamfanonin biyu. Sannan a duba jikin kwamfutar, domin ba kowace kafar USB-C ce Thunderbolt ba, ko da yake kamarsu ɗaya. Bugu da ƙari a san girman hoton da ake aiki da shi: katin da iyakarsa layi 1080 ba zai fitar da hoton 4K cikakke ba. HDMI 1.4 ta 2009 tana ɗaukar 4K har hoto 30 a daƙiƙa, sai HDMI 2.0 ta 2013 ta kai shi 60.

Ita kanta talabijin ɗin sai an ladabtar da ita. Masu ƙera ta kan ƙara mata launi da ƙyalli don ta ja ido a kanti. A kashe wannan, a kashe dabarar santsin motsi da yankan gefe, a zaɓi tsarin silima, ko Filmmaker Mode da aka ɓullo da shi a 2019. Bayan haka a sa hoton sandunan launi a daidaita ta da ƙa'idar Rec. 709, wadda ita ce ma'aunin launin talabijin mai kaifin hoto tun 1990.

Kammalawa

Zaɓen ya danganta ne ga inda fim zai je. Wanda aikinsa YouTube da wayar hannu za shi, wayar HDMI da saiti mai kyau sun ishe shi. Wanda kuwa zai kai wa gidan talabijin, ko yake gyaran launi a biya shi, to ya tuna Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Kuɗin katin bai kai asarar aikin da aka mayar ba. Ko wace hanya aka bi, yana da kyau a ajiye ƙaramar talabijin irin ta gidan talaka a gefe, a kalli fim ɗin a cikinta daga farko har ƙarshe kafin a sallame shi, domin a irinta ne mafi yawan jama'a za su kalle shi.