Rafi Da Lata: Muryoyi Biyu Da Dattawan Kudancin Kano Ke Bege

Wanda ya shiga motar haya a shekarun 1970 da 1980 daga Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, ya ratsa Tudun Wada har dajin Falgore a Doguwa, da wuya ya sauka bai ji Muhammad Rafi da Lata Mangeshkar suna amsa wa juna a kaset ba. Haka abin yake a teburan masu shayi na Bebeji. Mutane ba su jin Indiyanci, amma sun gane namiji ne ke roƙo, mace tana jan aji cikin kunya, wadda ita ce adon soyayya a ƙasar Hausa.

Rafi ya rasu a 1980, Lata kuwa sai a 2022. Kaset ɗin da dattawa suka adana sun lalace, rikodojin kuma babu mai gyara.

To, amma gadon bai salwanta ba. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa sun rungumi wannan salo na baiti daga saurayi, amsa daga budurwa, har fim ɗin Sangaya ya shahara da shi. Masu bandiri ma sun ari karin waƙoƙin Indiya don yabon Annabi.

Abin da ke damun dattawa shi ne, yaron da ke sauraren waƙar soyayya a wayarsa yau bai san rijiyar da aka ɗebo ruwan ba. In ba a gaya masa ba, sunayen nan biyu za su bi kaset.