Kacici-kacici ko zaɓi: wanne zai farfaɗo da wasannin labari?

A 1990 kamfanin Lucasfilm Games na Amurka ya fitar da The Secret of Monkey Island, wasan kwamfuta da Ron Gilbert ya jagoranci ƙirarsa. Babu tsere a cikinsa, babu ruwan harsashi. Kai ne Guybrush, saurayin da ke mafarkin zama ɗan fashin teku. Kana yawo, kana jan mutane da hira, kana tsince-tsince. Sai ka tsinci kazar roba mai gargare a tsakiyarta, ka rasa amfaninta. Can gaba ka tarar da igiya ta ratsa ruwa zuwa wani tsibiri, ka rataya kazar a kanta, ka zame ka haye. Daɗin wannan lokacin naka ne, domin kai ka gano.

Irin waɗannan wasanni sun dusashe kafin 2000. Ana yawan ɗora laifin a kan Doom na 1993 da 'yan'uwansa masu harbi, kuma da gaskiya a ciki: Grim Fandango na 1998 ya sha yabo amma kasuwa ba ta karɓe shi yadda aka zata ba. Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Gabriel Knight 3 na 1999, dole ka tara gashin kyanwa da salatif ka yi gashin baki na ƙarya, don ka yi shigar mutumin da shi kansa ba shi da gashin baki! Wane mai hankali zai hango wannan?

Da LucasArts, wato Lucasfilm Games bayan ya sauya suna, ya soke sabon wasan Sam & Max a 2004, wasu ma'aikatansa suka fice suka kafa Telltale, kuma a 2012 suka kawo The Walking Dead. Nan kacici-kacici ya ja baya, zaɓi ya shigo gaba. Kai ne Lee, kana riƙon yarinya Clementine a duniyar da ta rushe. A miƙa maka ɗan abincin da ba zai isa kowa ba a ce ka raba, yara na kallonka, manya na kallonka. Wannan ya taɓa ni ƙwarai, ba zan rage masa komai ba. Amma duk hanyar da ka bi, ƙarshen Lee ɗaya ne. Hannunka na kan linzami, dokin kuwa ya riga ya san gida. Telltale ya yi ta maimaita salon har ya durƙushe a 2018.

Tsohon salo yana iya ɓata maka dare guda a kan ƙofa ɗaya, amma ya yarda kana da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa na fi karkata gare shi, kuma ba ni kaɗai ba: a 2012 mai ƙirar wasanni Tim Schafer ya nemi dala 400,000 a dandalin tara kuɗi na Kickstarter don sabon wasa irin na da, jama'a suka tara masa sama da miliyan 3. Maganin cutar da ta kwantar da salon ma an samo shi. Return of the Obra Dinn na 2018 ya ɗora ka a jirgin ruwa ka gano makomar mutum 60, kuma kowace amsa tana da hujja a gabanka. Da Gilbert ya dawo da Return to Monkey Island a 2022, ya sa littafin taimako a aljihun Guybrush, wanda ya maƙale ya buɗe ya wuce.