Yadda matafiyi zai zaɓi tsarin tara maki da ya dace da shi a kamfanonin jiragen sama

Duk wanda ya saba bi ta filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ko na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja ya san layi biyu ne a wurin awon kaya. Akwai dogon layi na gama-gari, akwai kuma gajere wanda mutum ba ya daɗewa a kai. Ba duk waɗanda ke gajeren layin ne suka sayi tikiti mai tsada ba. Wasu daga cikinsu tikitinsu ɗaya da na sauran jama'a, abin da ya bambanta su shi ne katin da kamfanin jirgi ya ba su saboda yawan tafiya da shi.

Kamfanin American Airlines na Amurka ne ya yayata wannan tsari da shirinsa na AAdvantage a shekarar 1981, kuma a yau da wuya a samu babban kamfanin da ba shi da irinsa. Rajista kyauta ce, shi ya sa za a ga ɗan kasuwa ɗaya da katin kamfanoni huɗu ko biyar, amma babu ko ɗaya da ya kai shi wani matsayi. Ga 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou da Dubai da Istanbul da Alƙahira, da masu yawan zuwa Umara, da ma'aikatan da ake turawa taruka, zaɓen tsari guda da ya dace lamari ne na kuɗi, domin kuɗin rarar kaya kaɗai kan cinye wani ɓangare na ribar tafiya.

Maki iri biyu ne

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne kowace tafiya tana samar da maki iri biyu. Na farko makin kashewa ne, wanda ake tarawa a karɓi tikiti da shi ko a ɗaga kujera zuwa sashen manya. Na biyu makin matsayi ne, wanda ba a sayen komai da shi, aikinsa kawai ya nuna yawan tafiyar da mutum ya yi a cikin wani lokaci, galibi wata 12. Shi ne ke ɗaga fasinja daga matakin farko zuwa na azurfa, sannan na zinare.

Mutum na iya samun makin kashewa ta hanyar otal ko katin banki ko ma ya saya da kuɗinsa, amma a mafi yawan tsare-tsare makin matsayi sai an hau jirgi. Kuma ba ya taruwa shekara da shekaru. Idan wa'adin ya cika bai kai adadin da ake buƙata ba, tsohon makin ya faɗi ke nan. Wannan ne ya sa rarraba tafiye-tafiye a kamfanonin da ba su da alaƙa da juna yake zama asara. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ƙawance uku da ke riƙe da harkar

Manyan kamfanonin duniya sun kasu cikin ƙawance uku. Star Alliance ita ce ta farko, an kafa ta a 1997, sai oneworld a 1999, sai SkyTeam a 2000. Amfanin ƙawancen shi ne fasinja na iya hawa jirgin wani kamfani ya zuba makin a katin wani, matuƙar ƙawancensu ɗaya, kuma matsayin da ya samu a ɗaya sauran za su mutunta shi.

Daga cikin kamfanonin da ke zuwa Najeriya, Ethiopian Airlines da EgyptAir da Turkish Airlines da Lufthansa suna Star Alliance. Qatar Airways da British Airways da Royal Air Maroc suna oneworld. Saudia da Air France da KLM da Kenya Airways da Delta suna SkyTeam. Emirates ba ya cikin ko ɗaya, yana tafiyar da shirinsa na Skywards ne da kansa tare da wasu abokan hulɗa, musamman flydubai. Babu wani kamfanin Najeriya a cikin ƙawancen uku, don haka katin Peace Advantage na Air Peace, alal misali, amfaninsa ya fi ƙarfi ne a jiragen kamfanin.

Saboda haka tambayar farko ita ce, daga wane fili mutum yake tashi kuma ina ya fi zuwa? Mai tashi daga Kano zuwa Sin ta Addis Ababa, wanda wani lokaci kuma yake bi ta Alƙahira, Star Alliance ce gidansa. Wanda ya fi bi ta Doha, ko mai zuwa Landan da British Airways, oneworld ce tasa. Mai yawan zuwa Jidda da Madina da Saudia kuwa, ya dubi SkyTeam.

Abin da kowane mataki yake bayarwa

A nan ne sunaye ke ruɗar mutane, domin azurfar wani kamfani ba ɗaya take da ta wani ba. A Star Alliance matsayi biyu ne. Na azurfa ba ya ba da wani abin a zo a gani a jiragen sauran kamfanonin ƙawancen, in ban da fifiko a jerin masu jiran kujera. Na zinare ne ke da nauyi: gajeren layin awo, shiga jirgi da wuri, fitowar kaya a sahun farko, shiga falon hutawa tare da baƙo ɗaya da ake tafiya da shi, da ƙarin kilo 20 ko jaka ɗaya, gwargwadon yadda kamfanin ke lissafin kaya.

A oneworld matsayi uku ne, Ruby da Sapphire da Emerald. Ruby na ba da damar awo a layin manya, Sapphire na ƙara falon hutawa da ƙarin kaya, Emerald kuma na buɗe falon da ya fi kowanne. A SkyTeam akwai Elite da Elite Plus. Na farkon ma yana ba da ƙarin kaya, wanda hakan ya sa ya fi azurfar Star Alliance amfani ga mai ɗaukar kaya, amma falon hutawa sai a na biyu, kuma galibi a tafiyar ƙasa da ƙasa.

Don haka kowa ya auna abin da ya fi buƙata. Ɗan kasuwar da ke dawowa da jakunkuna ƙarin kilo ne damuwarsa. Wanda ke yada zango na awa shida ko takwas a Addis Ababa ko Istanbul, falon hutawa mai abinci da wurin wanka da wurin cajin waya ne ribarsa. A kula kuma, wasu kamfanoni ba sa ba da ƙarin kayan a kan tikiti mafi araha wanda tun asali ba shi da alawus na jaka.

Tsawon tsanin

Kamfanoni sun bambanta wajen yawan makin da suke buƙata da kuma yadda suke lissafa shi. Wasu da nisan tafiya suke aiki. A shirin Miles&Smiles na Turkish Airlines, mil 40,000 a cikin wata 12 ne ke kai mutum matakin Elite, wanda ya yi daidai da zinaren Star Alliance, kuma katin yana yin shekara biyu. A ShebaMiles na Ethiopian Airlines, zinare yana buƙatar mil 50,000. A Skywards na Emirates, azurfa mil 25,000 ne, zinare kuma 50,000.

Ga misali. Daga Kano zuwa Guangzhou ta Addis Ababa kusan mil 7,000 ne, zuwa da dawowa kusan 14,000. Idan tikitin yana ba da cikakken maki, zuwa uku a shekara ya haura 40,000, wato ya isa zinare idan aka zuba makin a katin Turkish Airlines, ko da kuwa jirgin Ethiopian aka hau. A katin ShebaMiles sai an yi na huɗu. Amma Kano zuwa Jidda da dawowa bai wuce mil 4,300 ba, don haka mai Umara sau biyu a shekara ko rabin azurfa bai kai ba.

Wasu kuma suna da nasu ma'aunin. Privilege Club na Qatar Airways yana buƙatar maki 150 don azurfa, 300 don zinare, 600 don mataki na ƙarshe. Flying Blue na Air France da KLM yana buƙatar maki 100 don azurfa, daga nan sai a tara wasu 180 don zinare. A wannan tsari, tafiya daga Legas zuwa Paris a sashen gama-gari maki 8 ce, a sashen manya kuma 24. Ke nan mai tikitin gama-gari sai ya je ya dawo sau bakwai kafin ya ga azurfa.

Rukuni na uku da kuɗin da aka kashe suke aunawa. Daga watan Afrilun 2025 British Airways ya koma wannan hanya, inda fam ɗaya ke ba da maki ɗaya, kuma azurfa ke buƙatar 7,500, zinare 20,000. Ga wanda kuɗin shigarsa da naira ne kuma yake neman tikiti mai sauƙi, irin wannan tsani ya yi tsawo. Tsarin da ke auna nisa ya fi masa.

Harafin da ke jikin tikiti

Inda lissafi ya fi rushewa shi ne ajin tikiti. Ko a cikin sashen gama-gari akwai azuzuwa da yawa, kowanne da harafinsa, kamar Y ko M ko V. Mutum biyu na iya zama kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya samu cikakken mil, ɗaya rabi ko kashi ɗaya cikin huɗu, wani ma bai samu komai ba. Idan tikitin Guangzhou rabin maki yake bayarwa, zuwa ukun nan ya koma shida. Kowane shiri yana wallafa jadawalin abin da kowane harafi ke bayarwa a shafinsa na intanet, kuma jadawalin ya bambanta idan jirgin abokin ƙawance aka hau. Ya kamata a tambayi ejan harafin kafin a biya.

Haka nan jiragen shata, irin waɗanda ake jigilar alhazai da su, da tikitin rukuni mai rangwame, galibi ba sa ba da makin matsayi. Akwai kuma tikitin da kamfani ɗaya ya sayar amma jirgin wani kamfani ne zai yi jigilar. A Star Alliance kamfanin da ya tuƙa jirgin ake dubawa, don haka idan ba ɗan ƙawancen ba ne, makin na iya salwanta.

Sunan da ke katin ma dole ya yi daidai da na fasfo da na tikiti. Bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed, ko sauya jerin sunaye, ya isa ya hana maki shiga. A ajiye takardar shiga jirgi har sai makin ya bayyana, domin kamfanoni na karɓar ƙorafi na 'yan watanni bayan tafiya.

Abin da ba ya hannun fasinja

Kati ba shi da amfani idan jirgin ya daina zuwa. Emirates ya dakatar da zirga-zirga zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoban 2024. Air France ma ya dakatar da zuwa Yamai bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Wanda katinsa na ƙawance ne yana iya komawa wani kamfanin ya ci gaba da cin moriyar matsayinsa, saɓanin wanda ya jingina da kamfani mai zaman kansa. Sharuɗɗan ma kamfani na da ikon sauya su, kamar yadda British Airways ya yi, don haka a riƙa duba su duk shekara. Makin kashewa shi ma yana da wa'adi, a Turkish Airlines da Emirates kusan shekara uku ne, ba dukiyar ajiya ba ce.

Lissafin ƙarshe

Kafin a tsayar da shawara, mutum ya ɗauko tafiye-tafiyensa na shekarar da ta wuce ya rubuta nisan kowacce, da kamfanin, da harafin tikitin. Daga nan zai ga ƙawancen da ya fi hawa, sai ya zaɓi shirin da tsaninsa ya fi gajarta a cikin ƙawancen, tare da la'akari da cewa wasu alfarma, kamar ɗaga kujera kyauta, kamfani ya fi yi wa masu katinsa na kansa.

Sannan ya kwatanta riba da abin da za a kashe. Idan riƙe kamfani ɗaya zai sa ya riƙa biyan ƙarin dala 150 a kowace tafiya sau huɗu a shekara, dala 600 ke nan. In kuɗin rarar kaya da abincin zango da katin zai ɗauke masa bai kai haka ba, garin neman ƙiba ya samo rama. Wanda tafiyarsa ba ta wuce ɗaya ko biyu a shekara ba, ya yi rajista ya tara makin kashewa, amma ya sayi tikitin da ya fi masa sauƙi da dacewa da lokacinsa. Wanda kuwa yake doguwar tafiya sau uku zuwa sama, ya zaɓi kati ɗaya, ya ba ejansa lambar, ya tabbatar an saka ta a kowane tikiti.